Mai Daddawa A Jaka Ba Ya Toshe Wa Marmite Hanci

Mutanen Manchesta, mutanen Bamingam, da ku na gida masu jiran tsaraba! Ban kai ga buɗe baki ba na hango an fara yamutsa fuska. Hajiya ta Small Heath, na ga kin ja gefen mayafi kin kai hanci. Malam na Rusholme, kai har ka fara a'uziyya. Ku kwantar da hankalinku, ba ɗure zan yi wa kowa ba. Hira za mu yi a kan 'yar baƙar kwalbar nan mai tumbi, mai murfi ruwan ɗorawa, wadda kuke tararwa kusa da jam da zuma a Tesco ko Asda, ku kau da kai ku tura kekenku gaba. Marmite nake nufi. Ni dai ina cinta, ina kuma sonta, kuma yau sai kun gaya mini abin da ya sa in na faɗi haka a taron suna ake matsawa daga kusa da ni.

Bari in fara da na gida, kada a bar su a duhu. Marmite wani baƙin abu ne mai kauri da danƙo, wanda Turawan Ingila ke shafawa a gasasshen burodi su karya kumallo. Babu zaƙi a cikinta ko na ƙwayar sukari ɗaya. Gishiri ne, da ɗan ɗaci-ɗaci, da wani ɗanɗano mai nauyi na romon da ya daɗe a kan wuta, alhali ko ƙashi ba a jefa mata ba. Da ka murɗe murfin, warinta zai riga ka sallama.

Su kansu masu abin ba su daidaita a kanta ba. A gida ɗaya za ka samu maigida ba ya tafiya hutu Sifaniya sai da kwalbarsa a akwati, uwargida kuma ta kafa doka cewa wuƙar da ta shiga Marmite ba ta komawa cikin bota. Kamfanin ya yi shekaru yana lallashin jama'a da zancen lafiya da ƙarfin jiki, daga baya ya gaji. A 1996 ya fito da tallar da har yau ake tunawa, ya ce wa mutane abu biyu ne, ko ka so ta ko ka tsane ta, har yana nuna masu tsanar suna yatsina suna neman wurin tofarwa. Ku nuna mini ɗan kasuwa ɗaya a Kantin Kwari da zai biya gidan rediyo a yi shelar cewa rabin gari na ƙyamar atamfarsa. Su sun yi, kuma tallar ta karɓu.

To ku fa, me ta yi muku? Kada ku wahalar da kanku, na san labarin, domin duk wanda ya ba ni shi iri ɗaya yake ba ni. Ɗalibi ya sauka a watan Satumba, sanyi ya fara shigowa, an ajiye shi a masauki kafin ya sami ɗaki. Da safe ya sauko karyawa, ya ga ƙananan robobi a jere: wannan jam, wannan zuma, wannan kuma baƙi mai sheƙi. Zuciya ta ce masa cakulan ne. Bai tambayi kowa ba, kada a ce baƙauye ya zo. Ya kwashe duka ya lafta a yanka ɗaya, ya yi bisimilla, ya kai babbar loma. Ga Turawa zagaye da shi, ba halin tofarwa, ba halin haɗiyewa, hawaye na zuba yana murmushi. Tun daga ranar ya ƙulla gaba da ita, ya yi ta yawo da labarin daga Longsight zuwa Cheetham Hill, duk sabon zuwa sai ya ja masa kunne. Yau ya gama digiri na uku, ya tara iyali, bai sake kusantar kwalbar ba, amma in hira ta biyo ta kan Marmite shi ne malamin fannin.

Ranka ya daɗe, Dakta, laifin wa? Ai matambayi ba ya ɓata. Marmite ba a lafta ta. Ga yadda ake yi, mai biro ya rubuta. A gasa burodi ya yi rumus, a shafa bota tun da zafinsa ta narke ta shige. Sannan a tsoma bakin wuƙa kawai, a lakato abin da bai fi ƙwayar wake ba, a bi burodin da shi sama-sama har ana hango botar ta ƙasa. A kawo shayi mai madara a ajiye kusa. Mai hali ya ɗora yankan cuku ko dafaffen ƙwai. Wannan ita ce Marmite. Abin da ka ci a masaukin nan hukunci ne ka yanke wa kanka da hannunka, ba alƙali ba shaidu. Wa ya taɓa ɗaukar daddawa guda ya gatsa, sannan ya fito yana shelar cewa miyar kuka ba ta ciwuwa?

Yawwa, ga mu a inda gizo ke saƙa. Kun ce wari gare ta. Ku? Ku masu daddawa?

A tuna wa wanda ya manta yadda ake yin ta. Kalwa ce ake cirewa daga 'ya'yan ɗorawa, a dafa ta yini guda har ta yi laushi, a surfa, a wanke, a fitar da ɓawo, a sake mayar da ita wuta. Daga nan a juye a ƙwarya ko kwando, a lulluɓe da ganye, a kai ɗaki a rufe kwana biyu ko uku. Me take yi a ɗakin nan? Tilawa? Ruɓewa take yi, cikin ladabi da tsari. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke aiki a kanta, suna farfasa sinadarin gina jikin da ke cikin kalwar har ya saki daɗinsa. Ranar da aka buɗe ƙwaryar, unguwa duka ta san an buɗe, har mai wucewa a kan babur. A kirɓa, a mulmula, a shanya a rana, ƙudaje su kawo gaisuwa. Ita muke dakawa mu zuba a miya mu ce yau gida ya yi daɗi, kuma wallahi ya yi. Ban ma taɓo daddawar batso ba, ta 'ya'yan yakuwa, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka fi mu sanin ƙarfinta.

Da a gida kuka bar ta ma da da sauƙi. Wa ke naɗe ta a leda uku, ya cusa a roba mai murfi, ya tura tsakiyar shaddodi, ya sauka a filin jirgin Manchesta yana addu'a kada karen kwastan ya juyo? Kilishi ne dokar ƙasar ta hana shigowa da shi tunda nama ne, amma daddawar ce ke sa gabanka faɗuwa, don ka san abin da jakar ke fitarwa. Wa ke kaɗa miya a kicin ɗin ɗalibai a Fallowfield ko Selly Oak, 'yan Sin da 'yan Girka su fito suna buɗe tagogi a tsakiyar Janairu, ɗaya na leƙa bayan firji yana neman abin da ya mutu? Ranar kun ji haushi, kun ce ba su san daɗi ba. Gaskiyarku. To abin da masu Marmite ke faɗa a kanku ke nan, harafi da harafi. Magabata sun riga sun gama maganar: daddawa ce ke gaya wa manda baƙi.

Bafulatanin da ke shan nonon da ya kwana uku a ƙwarya, tsaminsa na murɗa kunne, shi ma wai ya ce Marmite ta yi ƙarfi. Na bar shi da Barebari, su suka san maganinsa. Zage-zagi kuwa ban damu da ra'ayinsu ba. Ni Bakano ne, in Bazazzagi ya ce abu ba daɗi, wannan shaida ce a wurina cewa a ƙaro.

Kuma ba zolaya kaɗai nake yi ba, dangantakar ta jini ce. A 1908 wani masanin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya duƙufa yana bin diddigin abin da ke sa romon ciyawar teku na Japanawa daɗi, har ya gano wani sinadari da ake kira gulutamet. Shi ne ɗanɗanon nan da ba zaƙi ba, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuma gishiri ba, wanda ke sa miya ta zauna a baki. Shekara na zagayowa aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wato farin magin da ake ƙullawa a Kasuwar Rimi. Shi ne a cikin daddawa. Shi ne a cikin tumatirin da aka soya ya kafe. Shi ne a dunƙulen Maggi, wanda ya taso daga Suwizalan ya mamaye tukwanenmu har ya kusa korar daddawa daga birni, ba mu ce uffan ba. Shi ne kuma ya cika kwalbar Marmite. Hajiya, harshenki ya san wannan baƙuwa tun kina goye, idonki ne bai saba ganinta a kan burodi ba. Ki juya bayan kwalin dunƙulen Oxo, ko ledar soyayyen dankalin da yara ke ci a hanyar makaranta, sau da yawa za ki ga an rubuta akwai romon yis a ciki, wato irin abin da ake yin Marmite da shi. Kin daɗe kina cin danginta, ita ce kawai kika ƙi gaisawa da ita.

Mutanen Bamingam, ku ne ma bai kamata a ji bakinku ba, domin a bayan gidanku ake dafa ta. Ka hau jirgin ƙasa mai zuwa Derby daga tashar New Street, cikin kamar rabin awa ka iso Burton, wani gari a bakin kogin Trent. Ruwan ƙarƙashin ƙasar garin na ɗauke da wani ma'adini da ya dace da dafa giya, shi ya sa a ƙarni na 19 manyan kamfanonin giyar Ingila irin su Bass suka bunƙasa a can. Kowace dafuwa kuma tana barin tulin yis fiye da wanda za a sake amfani da shi. Wani Bajamushe masanin haɗa sinadarai, Justus von Liebig, ya riga ya nuna cewa ana iya tattara yis ɗin nan a kafar da shi ya zama abinci. A 1902 aka kafa kamfanin Marmite a Burton don wannan aiki, shekara guda kafin sojojin Lugga su shiga Kano. Da fari a 'yan tukwanen ƙasa ake sayar da ita, sai a shekarun 1920 aka koma kwalba. Aikin kuwa ba wani siddabaru ba ne: a zuba wa yis gishiri, a ɗumama shi, ƙwayoyinsa su narke da kansu su saki abin da ke cikinsu. A tace a fitar da ɓawon, a yi ta dafa ruwan har ya kafe ya yi baƙi, a ƙara ruwan kayan lambu da kayan ƙamshi da bitamin.

Na gan ka, Malam. Tun da na ambaci Burton ka gyara zama, ka sami abin kamawa. "Ashe dusar giya ce!"

Wannan ita ce hujja ɗaya tak cikin hujjojinku da ba zan yi wa dariya ba. Wanda ya ce shi don tsantseni ba ya kusantar duk abin da ya ratsa ta gidan giya, na sara masa, Allah Ya ƙara taƙawa, kuma ba zan miƙa masa burodina ba. Amma a san abin da ake magana a kai. Yis halitta ce mai rai, kuma dangi ɗaya ne da wanda mai gidan burodi ke kwaɓawa, da wanda Hajiya ke sa wa fanke da waina don su tashi. Shi kansa kwaɓin burodi yayin da yake kumbura yana fitar da ɗan barasa, zafin tanda ne ke korar sa. Marmite kuwa wutar da take sha ta fi ta burodi tsawo nesa ba kusa ba. Ba ta bugarwa. Ka shanye kwalba guda, abin da zai same ka ƙishirwa ce da nadama. Ƙanwarta ta Ostireliya, Vegemite, wadda aka fara yi a Melbourne a farkon shekarun 1920 daga irin wannan yis na gidan giya, tana da takardar shaidar halal. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da buɗe babi a kan hukuncin abin da ya sauya daga asalinsa ya zama wani abu daban. Fatawa tasu ce ba tawa ba. Ga masallacin Green Lane, ga babban masallacin Highgate, mutanen Manchesta ga na Victoria Park. A tsaya bayan Juma'a a tambaya, a kuma bi abin da zuciya ta natsu da shi.

Wanda nake da magana da shi daban ne. Alhajin nan ne da ke yi mini wa'azin dusar giya da kwalbar Malta Guinness a hannu. Alhaji, don Allah karanta mana sunan da ke jikin kwalbar da ƙarfi mu ji. Maltinar da aka raba kiret-kiret a walimar 'yarka a Kano, wa ya dafa ta? Nigerian Breweries, masu Star da Gulder. Ban ji ka ce a mayar ba, cewa ka yi a ƙaro mai sanyi. Laifi tudu ne, Alhaji.

In ma bincike ake so na gaske, ga inda za a kai shi: Bovril, baƙar kwalbar nan mai jan murfi, wadda ake damawa da ruwan zafi ana sayarwa a filayen ƙwallo lokacin hunturu, 'yan kallo na ɗumama hannu da kofin. Ita da naman shanu ake yin ta, kuma ba mahaucin Coventry Road ne ya yanka ba. Marmite ko ƙwai babu a cikinta.

Hajiya, dawo, ban gama da ke ba. Kin tuna 'yar mitsitsiyar ƙwayar nan ta folik asid da ake ba ki a wajen awo, ko a Asibitin Murtala ne ko a nan Asibitin Mata na Bamingam? Labarinta da Marmite ya faro, kuma 'yar unguwarku ce ta faro shi. Sunanta Lucy Wills, likita ce, an haife ta a Sutton Coldfield a 1888. A ƙarshen shekarun 1920 ta tafi Bombay, wadda ake kira Mumbai yanzu, inda matan da ke aiki a masaƙu ke mutuwa da wani irin ƙarancin jini idan sun sami juna biyu. Ta nemi ƙwayar cuta ba ta samu ba. Sai ta koma ta bi abin da suke ci, ta ga ciwon daga kwanon abinci yake. Ta gwada a kan ɓeraye da birai, ta ga yis na gyara jinin, ta nemi abu mai arha da talaka zai iya samu, sai ga Marmite. Ta ba matan, jininsu ya dawo, ta buga sakamakon a 1931. Sai a 1941 wasu masana a Amurka suka ware sinadarin kansa daga ganyen alayyafon Turawa. Kafin duk wannan ma, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, an sa Marmite cikin guzurin sojojin Birtaniya saboda bitamin B da ke cikinta. Ban ce mai ciki ta ajiye maganin asibiti ta rungumi kwalba ba, kada a kai ƙarata wurin ungozoma. Cewa na yi abin da ya taɓa ceton mata a kan gwiwa ya fi ƙarfin a ja masa tsaki.

Abin da ke ba ni dariya shi ne garuruwan nan biyu sun daɗe suna ciyar da mu ba mu taɓa gardama ba. Bournvita da aka yaye rabinmu da ita ta Cadbury ce, kamfanin da ya kafa masana'antarsa a Bournville, kudancin Bamingam, a 1879. Kastad ɗin da ake damawa da azumi, wani mai haɗa magunguna na Bamingam, Alfred Bird, ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda ƙwai ba ya karɓar matarsa. Vimto da Larabawa ba sa buɗa-baki sai da shi, wanda masu Umarar azumi ke gani jibge a kantunan Makka da Madina, a Manchesta aka fara haɗa shi a 1908. Duk mun karɓa hannu bibbiyu, ba wanda ya ce a kawo masa tarihinsu kafin ya kai baki. Me ya haɗa su? Sukari. Ashe ba abincin Bature muke ƙi ba. In ya zo da zaƙi ɗan gida ne, har mu aika wa surukai. Ranar da ya kawo abu ɗaya mai kama da namu, mai wari da gishiri da taurin kai, ranar muka tuna muna da al'ada. Kuma mu ne dai ke cika Wilmslow Road da Ladypool Road daren Asabar, muna share gumi a kan abincin Pakistan da ba mu san sunan rabin abin da ke ciki ba.

Af, tunda garuruwan biyu ba su gama musun wanne ne birni na biyu bayan Landan ba, ni a wannan shari'a na ba Bamingam gaskiya, ko don maƙwabtaka da Burton. Mutanen Manchesta ku yi haƙuri da ruwan samanku, ku ji da United.

Masu cewa ai ba wanda ya damu da ita, ina kuke a Oktoban 2016? Bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai fam ya faɗi. Unilever, wanda ya mallaki Marmite a 2000, wato kamfanin da ya kawo mana Omo da Blue Band, ya nemi ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 a kan kayansa. Tesco ya ce bai san zance ba. Kaya suka fara ɓacewa daga shafinsa na sayayya a intanet. Abubuwan da rigimar ta shafa da yawa ne, har da ganyen shayi da sabulu da askirim, amma ƙasar nan ba ta ga komai ba sai Marmite. Jaridu suka ɗora ta a shafin farko, 'yan majalisa suka tsoma baki, masu raha na tambayar yadda faɗuwar fam ta shafi abin da ake dafawa a Burton da yis ɗin Burton. Ba a kwana uku ba aka sasanta. Mu da muka saba kwana a layin mai mun sha kallo. A 2020 kuma korona ta rufe mashaya, dafuwar giya ta ragu, yis ya yi ƙaranci, kamfanin ya sanar cewa kwalba mai giram 250 kawai zai iya fitarwa na ɗan lokaci. Can a Niyu Zilan, inda suke da tasu Marmite ɗin ta wani kamfani daban, girgizar ƙasar Christchurch ta 2011 ta sa aka rufe masana'antar, aka shiga fari har 2013. Firaministan ƙasar da kansa ya fito ya ce shi ma dole ya riƙa shafawa kaɗan-kaɗan. Dakta, ka ji? Har shugabanni sun faɗa.

Kada ku ce na ɓoye aibinta. Gishiri gare ta, ya ɗan haura kashi 10 cikin 100 na nauyinta. Mai hawan jini ya yi hattara, jariri kuma a ƙyale shi. Sai dai mai jefa dunƙule shida a tukunya ɗaya ya kuma bi da farin magi, ba shi zai yi mini wannan nasiha ba. Akwai kuma wanda aka shafa masa daidai, ya ɗanɗana da zuciya ɗaya, ya ce a'a. Wannan na sallame shi da mutunci, abincin wani gubar wani. A 2017 kamfanin ma ya ɗauki nauyin wani bincike da ya ce so da ƙin na da alaƙa da abin da mutum ya gada a jini. Binciken da mai kaya ya biya kuɗinsa, da kunne ɗaya ake saurarensa. Ni na fi yarda da sabo, kuma shaidar na cikin gidajenku. Yaran da aka haifa a nan, suka ci ta a gidan reno ko a gidan abokai, har lashe wuƙa suke yi. Su ne kuma ke gudu sama su rufe ƙofa in an fara kaɗa kuka. Me kike ce musu? "Ku ɗanɗana tukuna kafin ku ce ba kwa so." Hajiya, maganarki ce, na dawo miki da ita ban rage komai ba.

In kuwa burodin ne ya tsaya muku a rai, ku bar burodin. Gidanta na gaskiya tukunya ce, su kansu Turawan suna jefa cokali a romon nama da miyar taliya. Daren da daddawa ta ƙare, shagon 'yan Afirka na Moss Side ko Handsworth ya rufe, ana tsula ruwa, mai tahowa daga gida kuma sai wata mai zuwa, ki lakato rabin ƙaramin cokali ki narkar a ruwan miya kafin ki kaɗa, ki rage gishiri, ki rage dunƙule. Ba ta kai daddawa ba, ba zan yi miki ƙarya ba, ƙamshin nan na kalwa babu masana'antar da ta iya shi. Amma miyar za ta zauna, maigida zai nemi ƙarin tuwon semo. Kada ki gaya masa sai ya suɗe kwano. In Dakta kike aure, kada ki gaya masa sam.

Ga sharaɗina. Akwai ƙaramar kwalba mai giram 125, gida biyar su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, ta ishe su gwaji har a ba maƙwabta. A gasa burodi, a sa bota, a shafa kaɗan yadda na faɗa. Wanda ya gwada haka ya ce har yanzu a'a, ya rubuto, zan amsa masa da girmamawa a matsayin wanda ya ƙi da hujja. Wanda bai gwada ba kuwa ba shi da ƙuri'a a wannan zaɓe. Masu tsoro ku bari Zage-zagi su fara. In sun wayi gari lafiya, sai mutane su ci.